Shekarar da Ummi Ta Fito da Allurarta Tsakar Gida

Nasiru, Hadiza, da ku jikoki da za ku karanta wannan wata rana, akwai maganar da ke yawo a danginmu tun kuna ƙanana. Ana cewa na miƙe a gaban matan unguwa na tona asirin yayarku Ummi, har uwata ta yi fushi ta bar mini gida. Rabin maganar gaskiya ne. Na miƙe, na yi magana, Iya kuma ta tafi. Abin da ba a gaya muku ba shi ne wanda ya aike ni, da abin da ya faru kafin ranar. Na tambayi Ummi ko ta yarda in rubuta, ta ce in rubuta duka, kada in rage komai don a ji daɗi.

A lokacin muna zaune a gidan mahaifina a unguwar New Bell ta birnin Douala a Kamaru, cikin lungun nan da mota ba ta shiga. A gidan aka haife ni. Na yi makarantar Faransanci, ina aikin buga takardu a wani ofishi kusa da tashar jirgin ruwa, in fita da sassafe in dawo bayan la'asar. Babanku, Malam Isa, Allah ya jiƙansa, daga Katsina ya zo da ƙuruciyarsa, yana sayar da yadi a babbar kasuwa, Marché Central, kuma har ya koma ga Allah Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Iya tana ɗakin da ke kallon ƙofar gida, ba wanda zai shiga ko ya fita ba ta gan shi ba. Sunanta muka sa wa yayarku, shi ya sa muke kiranta Ummi, ita kuwa Iya ba ta kiranta da komai sai Takwara. Tare suke kwana, tare suke cin abinci, idan ɗaya ta yi laifi ɗayar ce ke rufa mata asiri.

Ummi tana da shekara sha huɗu ciwon ya zo. Ƙishirwa ta fara damunta, ta sha ruwa kamar ba ta sha ba, ta yi ta zarya banɗaki, ga ci amma ga rama. Iya ce ta fara lura da tururuwa na taruwa a inda yarinyar ta yi fitsari. A asibiti suka ce ciwon sukari ne, irin wanda ke kama yara, ba irin na tsofaffi da ake shan ƙwaya ba. Jikinta ya daina yin abin da ke narkar da sukari, sai an riƙa ba shi ta allura, safe da yamma kafin ta ci abinci. Babanku ya tambaya har zuwa yaushe. Suka ce muddin rai.

Da muka dawo gida, Iya ta kira mu ɗakinta ta sa aka saki labule.

"Wannan magana ta tsaya a ɗakin nan," in ji ta. "Ɗiya mace ce. Ranar da aka ji tana allura kullum, ba mai sallama a ƙofar nan dominta."

"Iya, makaranta fa?" na ce. "Idan ta faɗi a can?"

"Allah zai tsare. Abu, ni na san bakin New Bell, ke ofis kika sani."

Babanku ya ce Iya ta fi mu ganin nesa. Ni ma tsoron da ke cikinta yana cikina, don haka na bi. Muna da firji, amma duk baƙon da ya shigo shi yake buɗewa neman ruwan sanyi, ga wuta ana yawan ɗaukewa. Sai Iya ta samo ɗan tulu ta binne shi cikin jiƙaƙƙen rairayi a ƙarƙashin gadonta, nan kwalbar maganin allurar, insulin, ke zama. Allura kuwa a banɗaki ake yi, da ƙofa a rufe, don ku kanku kada ku gani ku kai waje. Shekarar farko Ummi ba ta ba mu wahala ba. Cikin ɗan lokaci ta karɓe sirinjin daga hannuna ta ce nawa yana rawa. A gidan biki idan aka miƙo mata lemon kwalba ta ce ba ta son zaƙi, idan aka matsa ta ce cikinta ke ciwo. Nakan dube ta in ce a raina, wannan yarinya ta fi mu haƙuri.

Shekara ta biyu ita ce ta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Tana da ƙawa, Jamila, 'yar Hajiya Mairo ta bayan masallaci, tun suna rarrafe suke tare. Suka tsara su riƙa karatu a gidan su Jamila bayan makaranta, saboda can ya fi shiru, kuma sau da yawa can take cin abincin yamma. Sai ta riƙa naɗe kwalbar da sirinjin cikin safa ta tura ƙasan jaka, lokaci ya yi ta ce za ta kewaya. Wata rana Hajiya Mairo ta tura ƙofar banɗakin ba ta san da mutum ba, ta tarar da Ummi ta ɗage riga da allura a hannu. Matar ba ta ce mata komai ba, ba ta kuma zo wurina ba. Ta dai gaya wa 'yarta kada ta sake kawo mata Ummi gida. Daga nan magana ta shiga gari. Wasu suka ce ƙwaya take yi ta jijiya, irin ta 'yan iskan bakin tasha. Wasu suka tuno ramar da ta yi bara suka ce ai ƙanjamau ne. A makaranta 'yan matan da suke benci ɗaya suka tashi suka bar mata shi. Idan ta sha ruwa a kofi, a ɗauraye shi a gabanta.

Duk wannan ban sani ba. Mata suna gaishe ni a hanya kamar kullum, sai dai gaisuwar ta yi gajarta, ni kuma na ɗauka sauri suke yi. Ummi ba ta gaya wa kowa ba, ko Iya. Amsa ɗaya ce za ta wanke ta, mu kuma mun hana ta faɗin amsar. Sai Ummi ta fara barin allurar yamma. Takan shiga banɗaki ta ja maganin cikin sirinji yadda aka koya mata, ta tsiyaye shi a rariya, ta ɗan jima, ta fito. Ni kuma ina duba kwalba ina ganin tana raguwa daidai, in ce alhamdulillahi. 'Yan takardun awon jini ba su da yawa a hannunmu, ba kullum ake awo ba, ranar da za a yi kuma ita ke yi ta faɗa mini abin da ta ga dama. Bayan ta yamma, ta fara tsallake ta safe ma. Ƙishirwa ta dawo, ta ce zafi ake yi. Ramar ta dawo, na ce karatu ne.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa ruwan Douala ya fara sauka da gaske. Wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan tafi aiki, na ji Ummi tana amai. Tun jiya take cewa cikinta na murɗawa, Iya ta jiƙa mata kanwa. Na leƙa na ganta kwance a tabarma, leɓunanta sun bushe, tana jan numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, bakinta na wani wari kamar na ayabar da ta wuce nuna. Na kira sunanta ta buɗe ido, amma ba ni take kallo ba. Babanku ya riga ya wuce kasuwa. Na fita da gudu, ruwa ya cika lungu har gwiwa, kwata da hanya sun zama abu ɗaya. Ba tasi, ba babur.

A bakin lungu akwai Maman Odile, 'yar ƙabilar Basa ce, mai toya makala, wato fanke irin nasu, katangarmu ɗaya da ita tun kafin in yi aure. Ranar ruwa ya kashe mata wuta, tana tsaye ƙarƙashin rumfarta. Ta ga fuskata ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ƙwala wa wani mai tura amalanke kira, suka biyo ni. Muka shimfiɗa tabarma a kan amalanken, muka kwantar da Ummi, aka rufe ta da ledar da Maman Odile ke rufe garinta. Mutumin yana turawa, mu biyu muna riƙe da gefe, ruwa na dukanmu, har muka fita kwalta. A cikin tasi, kan Ummi a cinyarta, Maman Odile ta tambaye ni da Faransanci me ke damun yarinyar.

"Sukari," na ce. Ranar na fara furta kalmar ga wanda ba ɗan gida ba.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ta daɗe tana kallona. "Shekara biyu, Maman Ummi, ina ba ta makala mai sukari tana karɓa tana kai wa ƙannenta, ina cewa kunya ce. Ƙanena yana da shi. Da na sani ai da na san abin da nake kallo."

Ta leƙa ta gaya wa direba ya bar tsayawa ɗaukar kowa, ta ce ita za ta yi magana da duk ɗan sandan da ya tsayar da mu.

Kwanakin asibiti ba zan iya jera muku su ba, sun cakuɗe a kaina. Na tuna ƙarin ruwa hannu biyu, na tuna babanku zaune a ƙasa a baranda da carbi, ya bar rumfa a buɗe maƙwabcinsa ne ya rufe masa. Na tuna wata nas ta ce da mun ƙara jinkiri da wata maganar ake yi. Da Ummi ta farfaɗo ta fara shan ruwa da kanta, likitar da ke dubata ta zo. Matashiya ce 'yar arewa, Bafulatana, tana jin Hausa. Ta ce mu fita duka, tana son magana da yarinyar su biyu. Ran babanku ya ɓaci.

"Wace magana ce 'yata za ta yi da ba za ta yi a gabana ba?"

"Irin wadda ta kawo ta nan, Malam," in ji likitar, a hankali. "Ka ba ni ɗan lokaci."

Muka fita. Sun daɗe. Da aka kira mu, Ummi ta juya fuska bango, daga can ta yi magana. Ta faɗi na gidan Hajiya Mairo, ta faɗi na benci da kofi, ta faɗi na rariya. Muryarta ba ta rawa, ni kuwa na zauna bakin gado.

"Kashe kanki kike so ki yi?" babanku ya daka mata tsawa. "Muna nema muna kawowa kina zubarwa?"

"Ba mutuwa nake so ba, Baba," ta ce. "Na ga abin kunya ne, shi ya sa kuke ɓoyewa. Na ce to bari in daina abin kunyar."

Likitar ta ce ita za ta iya gyara yawan magani, za ta iya koya mana alamun haɗari, amma ba ta da ikon bin yarinya banɗaki safe da yamma, mu ma ba mu da shi. Ta ce a cikin yaran da take gani masu irin shekarun Ummi, da yawa sukan gaji su yi wasa da allura, ba don rashin hankali ba, kuma duka da tsawa ba su taɓa dawo mata da ko ɗaya ba. Sai ta juya ta ce, "Ummi, gaya musu abin da kika gaya mini."

Ummi ta juyo ta dube ni.

"Zan yi allura, Mama, ba zan sake tsallakewa ba in Allah ya yarda. Amma ba zan sake yi a banɗaki ba. Abin da ke riƙe da raina ba zan riƙa yinsa a inda ake bahaya ba. Kuma ki gaya musu abin da ke damuna. Idan ni na faɗa za su ce ƙarya nake. Ke za su yarda."

Wannan shi ne aiken. Yarinya 'yar shekara sha shida ce ta aike ni, daga kan gadon asibiti.

Da muka dawo gida na sami Iya na gaya mata komai. Ta yi kuka a kan abin da aka yi wa takwararta, ta tsine wa masu ƙazafi, amma da na zo kan maganar faɗa wa mutane sai ta share ido ta gyara zama. Ranar ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana da ƙanwa, Ladi, mai farfaɗiya. Sau ɗaya ta faɗi a bakin famfo mutane suka gani. Daga ranar ba wanda ya sake cin abinci kwano ɗaya da ita, ba wanda ya nemi aurenta, ta tsufa a ƙuryar ɗaki tana wa 'ya'yan wasu wanki har ta rasu.

"Ƙazafi yana wucewa, Abu," in ji ta. "Bana su ce ƙwaya, baɗi su manta su kama wata. Amma idan kika faɗa da bakinki ciwo ne marar warkewa, kin ɗaura mata shi har kabari."

"Iya, saura kaɗan ɓoyon ya kai ta kabarin."

"To a ci gaba da allura, ni zan tsaya a kanta in ga ta shiga."

"Ta ce ba za ta yi a ɓoye ba."

"Yarinya ce ke ce miki, ke kuma uwa ki bi?" Ta nuna ni da yatsa. "Ranar da kika buɗe baki a waje, ranar zan bar gidan nan. Ba zan zauna ina kallo a mayar mini da Takwara Ladi ba."

Babanku ya yi kwana da kwanaki yana juya maganar a ransa. Ya ci abinci kaɗan, ya fita, ya dawo. Ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci ya same ni ina tsince shinkafa, ya tsaya a kaina.

"Zainabu, na yi ta tunani. Idan ba ta auru ba, tana ɗakinta ina ganinta. Ranar da na zauna a barandar nan ban san ko zan sake ganinta ba. Ki gaya wa mata. Maza ki bar ni da su."

Muna da taron mata da muke yi ranar Lahadi, gida-gida, wanda muke ce wa réunion. Na wannan makon ya faɗo a wani gida kusa da na Hajiya Mairo. Na shirya zan tafi ni kaɗai, sai ga Ummi ta sa hijabi ta rataya jaka. Na ce ta zauna ta huta. Ta ce maganarta za a yi, za ta je ta ji. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta, muka yi mata sallama ba ta amsa ba. Da muka shiga taron, hira ta mutu. Na ga wata ta jawo 'yarta jikinta. Na jira aka gama abin da ya tara mu, aka fara jera kwanonin abinci, sannan na miƙe. Na ce na ji abin da ake faɗa a kan 'yata. Na ce ciwon sukari gare ta shekara biyu ke nan, allurar da aka gani ta magani ce, ba a ɗaukarsa a kofi ko a benci, kuma saboda maganganun nan ta daina allurar har ta kusa mutuwa. Na ce mu muka hana ta faɗa, yau kuma ita ta ce a faɗa.

Sai Ummi ta buɗe jaka, ta fito da kwalba da sirinji ta ɗora a cinyarta. Ta ja maganin, ta ɗaga sirinjin sama ta ɗan ƙwanƙwasa shi da farce, ta ɗage gefen riga, ta soka a cikinta. Wata ta ce wayyo, wata ta rufe ido. Ita kuwa ta mayar da kayanta, ta wanke hannu, ta jawo kwano. Hajiya Mairo ce ta fara tashi. Ta zo ta durƙusa a gabana, babbar mace, tana hawaye.

"Maman Ummi, don Allah ki yafe mini. Da na zo na tambaye ki."

"Ba ni za ki roƙa ba, Hajiya."

Ta juya wurin Ummi, ta zauna kusa da ita ta sa hannu a kwanon da take ci. Ba kowa ne ya sauko ranar ba, wadda ta jawo 'yarta ta fita ba ta ci abinci ba. Muka koma gida kafin magariba, muka tarar ɗakin Iya a buɗe, akwatinta babu. Ta tafi gidan ƙanena Hamidu a unguwar Cité des Palmiers.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya daidaita. Ummi ba ta zauna jarrabawa a shekarar ba, sai da ta maimaita aji, ƙawayenta suka wuce ta. Akwai safiyoyin da takan zauna da sirinji a hannu ta ce ta gaji, ta gaji, ta gaji, ba ranar hutu ko ɗaya. Da azumi ya zo likita ta hana ta, ta yi kuka kamar ranta zai fita, sai da babanku ya kai ta wurin liman ya karanta mata sassaucin da Allah ya yi wa marar lafiya, ya ce mata kiyaye rai ma ibada ce. Sau biyu ko uku ta sake tsallake allura, amma yanzu da bakinta take gaya mini, mu zauna mu ga abin yi. Ni kuma na koyi tambayarta a maimakon bin kwalba da ido. A tsakar gida take allurarta, kan turmi a kife, kuna wasa a gefenta. Kai Nasiru har faɗa kake yi kai za ka miƙo mata auduga.

Abin da ban zata ba shi ne yawan hannuwan da suka shigo. Maman Odile ta ce a kawo kwalbar cikin firjinta, tana da ɗan janareto. Jamila ta dawo wurinta, ta riƙa yawo da ƙwayoyin sukari a aljihu saboda ranar da na Ummi zai yi ƙasa. Wata rana hakan ta faru a bakin titi, ta fara gumi tana rawar jiki tana magana ba kan gado. Mai shayin kan kwana, wanda babanku ya gaya wa a majalisa, ya zaunar da ita a bencinsa ya dama sukari a ruwa ya ba ta, ya aika a kira ni. Kafin in iso ta dawo hayyacinta tana ba shi haƙuri. Waɗannan mutane ba na gama salla ban sa su a addu'a ba, su da likitar nan, da mai amalanken da har yau ban san sunansa ba.

Iya ta yi watanni a Cité des Palmiers. Duk mako nakan je, ta amsa gaisuwa ta juya tana magana da matar Hamidu. Ummi ce ta gaji da abin. Wata Asabar ta hau tasi ita kaɗai ta tafi, ta ƙi dawowa har lokacin abincin yamma. Matar Hamidu ce ta ba ni labari. Ta ce Ummi ta fito da kayanta a gaban Iya, ta naɗe hannun riga ta ce, "Takwara, yau a dantse zan yi, hannuna ɗaya ba ya isa. Kama mini naman nan." Iya ta ce ba ruwanta. Ummi ta ce to sai dai ta kwana ba allura ba abinci. Iya ta yi tsaki, ta matso, ta kama, ta kawar da kai. Can ta juyo ta kalla. Da aka zare allurar ta ce, "Dama ɗan wannan abu ne?" Bayan kwana biyu sai ga ta da akwatinta. Ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban nemi ta ce ba.

Kuma ku sani, tsoronta ba na banza ba ne. Bayan Ummi ta gama karatu ta fara aiki, wani yaro ya fito, suna son juna, har an sa ranar kawo kaya. Uwarsa ta ce ɗanta ba zai auri asibiti ba. Ummi ta yi wata guda ba ta dariya. Na jira Iya ta ce ai na gaya miki. Ba ta ce ba. Ta dai riƙa kiran Takwara ɗakinta tana tsefe mata kai.

Bayan shekara biyu Abdullahi ya fito, baban su Amira. Ranar da gwaggwanninsa suka zo gaisuwa, Iya ta tsufa ƙwarai, sai an kama ta take tashi. Ta ce a fito da ita tsakar gida. Baƙin suka yi sallama, ina shimfiɗa musu tabarma, sai ta ɗaga sandarta.

"Ku dakata, kada ku zauna tukuna. Jikata tana da ciwon sukari. Tana allura safe da yamma, kuma za ta yi har ƙarshen ranta. Wanda ya ga ba zai iya ba, ga ƙofa nan, wallahi ba mu yi fushi ba."

Babbar cikinsu ta yi dariya ta ce, "Iya, ai duk New Bell an sani. Da saninmu muka zo."

Iya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta sauke sandar.

"To ku zauna," ta ce. "Abu, kawo musu ruwa."

Iya ta ga auren, ta ɗauki Amira a hannunta ranar suna, ta rasu a daminar da ta biyo. Idan kun sake jin ana ba da labarin nan a dangi, ku ba da shi cikakke, kuma ku yi mata addu'a. Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka kabarinta.